Kafin a Yanka wa Yaro Gilashi, a Leƙa Bayan Idonsa



Mu ƙaddara yarinya 'yar shekara tara, tana aji huɗu a firamare. Wata biyu ke nan kullum in ta tashi da asuba sai ta riƙe kai, wani lokaci ta yi amai tun kafin ta sa komai a baki, can da hantsi kuma ta ware kamar ba ita ba. Uwarta ta ce ƙiwar makaranta ce. Rannan ta sunkuya ɗaukar buta, da ta ɗago sai ta ce, "Umma, an ɗauke wuta," alhali a tsakar gida suke, rana na bisa kansu. Kafin uwar ta juyo gani ya dawo. Aka sayo farasitamol a kemis. Da abin ya ƙi ƙarewa aka kai ta awon ido, ta karanta haruffan allon nan tun daga manya har ƙananan layin ƙasa, aka ce idonta garau yake, a dai rage mata kallon waya.

Wannan yarinya ba a gama duba ta ba. Ra'ayina shi ne duk yaron da ciwon kai ya nace masa, musamman in ya haɗu da amai ko wani canji a ganinsa, haƙƙinsa ne a leƙa can cikin idonsa a ga bakin jijiyar gani kafin a sallame shi da ƙwaya ko a yanka masa gilashi. Aikin bai kai minti biyar ba. Rashin yinsa kuwa yana iya jawo makantar da babu likitan da zai warware ta.

Ƙoƙon kai ɗaki ne mai 'yan haya uku: ƙwaƙwalwa, da jini, da wani ruwa garai-garai da ke kewaye ƙwaƙwalwa da laka. Da zarar ƙasusuwan kai sun haɗe, ɗakin ba ya ƙara faɗi. In ɗaya daga cikin ukun ya ƙaru, dole sauran su matsa, in kuma wurin matsawa ya ƙare sai matsi ya hau. Likitoci biyu na Sikotland, Alexander Monro a 1783 da George Kellie a 1824, su suka fara tsara wannan bayani, har yau kuma da sunansu ake koyar da shi. Ruwan nan ba a tsaye yake ba. Jikin babban mutum yana samar da kimanin rabin lita a yini, wato cikin ledar fiya wata guda, amma abin da ɗakin ke ɗauke da shi a lokaci ɗaya bai wuce mililita 150 ba. Kullum ana samarwa, kullum jini na kwashewa. Duk abin da ya toshe hanyar ruwan, ko ya hana a kwashe shi, ko ya zo ya tare wuri kamar ƙari ko ƙurji ko kumburi, zai ɗaga matsin.

To ina ruwan ido da wannan? Jijiyar gani reshe ce ta ƙwaƙwalwa kanta. Ta ƙunshi zaruruwa sama da miliyan ɗaya, tana tashi daga bayan ƙwayar ido ta shiga cikin kai, kuma rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa ita ce ta lulluɓe ta, da ruwan a ciki. Saboda haka in matsi ya hau a cikin kai, sai ya biyo hannun rigar nan ya shaƙe jijiyar daidai inda take shiga ido. Abubuwan da ke kai-komo cikin zaruruwan sai su cunkushe, bakin jijiyar ya kumbura. A bakin likitoci za ka ji ana cewa fafilidima. Wannan shi ne wuri ɗaya tak a jikin mutum da za a ga jijiyar ƙwaƙwalwa ido da ido ba tare da an yanka komai ba.

Abin tsoron shi ne yadda ganin yake tafiya. Ba ya fara ɓacewa daga tsakiya. Gefe-gefe yake fara ci, sannu a hankali, kamar gara a rufin azara. Yaro zai iya karanta ƙaramin rubutu sarai alhali filin ganinsa yana ta ƙanƙancewa, shi ya sa allon haruffa yake yaudara. Babba zai iya lura ya ce wani abu ya canza. Yaro kuwa bai san yadda wasu ke gani ba, sai dai a ga yana yawan tuntuɓe, yana karo da ƙyaure, a yi ta masa faɗan rawar kai. Akwai kuma ɗaukewar gani na 'yan daƙiƙoƙi in ya miƙe ko ya sunkuya, irin na yarinyarmu. Wani yana jin ƙara a kunne tana bugawa daidai da bugun zuciyarsa. Wani kuma harara-garke ce za ta same shi rana ɗaya, ido ya karkata wajen hanci, ya riƙa ganin abu biyu-biyu, har ya koyi rufe ido ɗaya in zai kalli allo. Dalili shi ne jijiyar da ke jan ido waje doguwa ce siririya, matsi kan taɓa ta da wuri.

In aka sauke matsin a wannan mataki, kumburin yakan saɓe, gani ya tsira. In aka bar shi makonni suka zama watanni, zaruruwan sai su riƙa mutuwa, bakin jijiyar da ya kamata ya yi jaja-jaja ya koma fari fat. Zaren da ya mutu ba ya sake tsirowa. Mai yanar ido ana yi masa aiki ya gani washegari. Wanda jijiyarsa ta bushe, ko an kai shi Indiya ko Masar, abin da ya rage masa kawai za a yi ƙoƙarin tsarewa.

Jariri nasa ya bambanta. Maɗigarsa a buɗe take, yawanci sai tsakanin wata 12 zuwa 18 take rufewa, ƙasusuwan kansa kuma ba su haɗe ba. In ruwa ya taru sai kan ya buɗa ya ba shi wuri, don haka sau da yawa ba a ganin kumburin jijiya a idon jariri. Alamominsa a waje suke: kai yana girma fiye da kima, maɗiga ta taso ta yi tauri ko da ba kuka yake ba, jijiyoyin fatar kai sun fito raɗa-raɗa, idanu sun sunkuya ƙasa har farin ido ya bayyana a sama, baƙin ya yi kamar rana za ta faɗi. Kan jariri a ranar haihuwa kimanin santimita 35 ne in an zagaya shi, ya kai wajen 46 in ya shekara. Tef ɗin tela ya isa a gane wanda nasa ya zarce. Buɗawar kan ba ta nufin ganinsa ya tsira, domin ruwan yana miƙe hanyoyin gani da ke cikin ƙwaƙwalwar.

Wani zai ce ai wannan ciwon littattafan Turawa ne. Ina! Mu ne a tsakiyar abubuwan da ke kawo shi. Arewacin Najeriya da kudancin Nijar suna cikin yankin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal har Habasha. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya kaɗai, sama da 11,000 suka rasu. A 2017 Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu sun sake ɗanɗanawa. Muna ƙirga waɗanda suka rasu, muna murnar waɗanda suka tashi, amma sanƙarau kan bar tabo a hanyoyin ruwan ƙwaƙwalwa, sai bayan an koma gida matsin ya fara hawa. Haka tarin fuka in ya hau kai. Haka kunne mai zubar ruwa da aka yi shekara ana ɗiga masa mai, yana iya zama ƙurji a ƙwaƙwalwa ko ya daskarar da jini a manyan jijiyoyin da ke kwashe shi daga kai. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Benjamin Warf, ya koma garin Mbale na Yuganda a shekarar 2000, ya kuma gano cewa kusan kashi 60 cikin 100 na jariran da aka kawo masa da taruwar ruwa a kai, wata cuta ce ta kama su a farkon rayuwa ta bar musu wannan. Wanda ya san yadda ake yanke cibi da yadda zazzaɓin jarirai ke wucewa ba asibiti a ƙauyukanmu, ba zai ji labarin Mbale ya yi masa nisa ba.

Maleriya ma tana ciki. A Blantyre ta ƙasar Malawi an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yara 168 da maleriya ta hau musu kai, aka fitar da sakamakon a 2015. Cikin waɗanda suka rasu, kashi 84 cikin 100 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa, cikin waɗanda suka rayu kuwa kashi 27 ne. A asibitin nan leƙa cikin ido ya zama wani ɓangare na duba yaron da ya suma da zazzaɓi, domin maleriyar tana barin sawunta a bayan ido.

Sai ƙari. Yawancin ƙarin ƙwaƙwalwa na yara ƙanana ta wajen ƙeya yake fitowa, daidai mashigar ruwan, don haka tun yana ƙarami yake toshe hanya. Ciwon kai da aman safe da tangaɗi in ana tafiya su ne sallamarsa. Akwai kuma nau'in da matsin ke hawa alhali hoto bai nuna ƙari ba, bai nuna toshewa ba. Bayan balaga ya fi kama 'yan mata masu ƙiba. Kafin balaga kuwa ba ya zaɓen mace ko namiji, kuma ramammen yaro ma yana kamuwa. Wasu magunguna na tayar da shi: dangin tetirasaikilin, irin kafso ɗin nan ja da rawaya da ƙannensa da ake sha don ƙurajen fuska, da bitamin A in aka zarce ƙa'ida ana sha ba lissafi, da yanke shan ƙwayoyin sitiroyid farat ɗaya bayan an daɗe a kansu. Mu tuna irin ƙwayoyin ƙara ƙiba da 'yan matanmu ke saye a ɓoye. A nan in yi gyara tun kafin a yi mini mummunar fahimta: bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ɗiga wa yara lokacin rigakafi awonsa aka yi, kuma shi ma ido yake karewa. Kada kowa ya hana ɗansa.

Yanzu mu duba inda lokaci yake salwanta. Makon farko farasitamol. Na biyu maganin maleriya. Na uku a ce taifot ne. Daga nan kaka ta kawo tozali, maƙwabciya ta ce kambun baka ne, kawu ya ce a kai shi a yanka masa gilashi. Kowa da kyakkyawar niyya yake yi, kuma kowane mataki yana cin kwana goma ko sama. Farasitamol na kwantar da ciwon kan, sai a ga kamar an samu sauƙi, matsin kuwa yana nan inda yake. Gilashi aikinsa daidaita haske ya sauka daidai a bayan ido. Ba shi da abin da zai yi wa jijiyar da ake shaƙewa. Sai ranar da yaro ya fara lalube sannan a ɗauki hanyar Kano ko Kaduna ko Sakkwato, a isa lokacin da bakin jijiyar ya riga ya yi fari.

Abin da nake kira a yi ba sabon abu ba ne. Tun 1851 Bajamushe Hermann von Helmholtz ya fito da madubin leƙa cikin ido, kuma a 1860 Albrecht von Graefe ya bayyana kumburin jijiyar gani a masu ƙarin ƙwaƙwalwa. Shekara sama da 160 ke nan. Yau har akwai wani ƙarami mai suna Arclight, girmansa bai fi alƙalami mai kauri ba, da hasken rana ake cajinsa, an yi shi ne musamman don asibitocin da ba su da hali, tare da Jami'ar St Andrews ta Sikotland. Babu dalilin da zai sa babban asibitin ƙaramar hukuma ya rasa irin wannan da ma'aikaci ko ɗaya da ya iya amfani da shi. Babu dalilin da zai sa a auna nauyin jariri ranar rigakafi a bar kansa ba a zagaya da tef ba, a rubuta a kati. Yaron da ya tashi daga sanƙarau kuma a ba iyayensa ranar dawowa don a duba ji da gani, a gaya musu dalili da Hausar da za su gane.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma suna da hujja.

Na farko za su ce zan tsorata iyaye, kowane ciwon kai ya zama ƙari. Gaskiya ne mafi yawan ciwon kan yara ba wannan ba ne. Zazzaɓi ne, ko yunwa, ko rana, ko rashin barci, ko ciwon ɓarin kai da ake gado, ko ma buƙatar gilashin da gaske. Shi ya sa ban ce a kai kowane yaro hoton ƙwaƙwalwa ba. Na ce a san wanda ya fita daban: ciwon da ke tashin yaro daga barci ko ya fi tsanani da asuba, wanda ke ƙaruwa mako bayan mako, wanda tari ko sunkuyo ke tsananta shi, mai tafe da amai ba gudawa, ko gani biyu-biyu, ko sabuwar harara-garke, ko ɗaukewar gani, ko tangaɗi, ko yawan barci da canjin hali. Leƙa ido shi ne ma yake rage tsoro, domin yana taimaka wa likita ya ware wanda zai tura gaba. Sai dai a riƙe cewa ido mai kyau bai wanke yaron da sauran alamominsa suka yi ƙarfi ba, kuma akwai yaran da bakin jijiyarsu a tashe yake tun halitta, ƙwararre ne zai bambance.

Na biyu za su ce kuɗi. Hoton CT da na MRI suna da tsada, kuma ba a kowane gari suke ba. Wannan ma gaskiya ne, ban kuma da amsar da za ta share shi. Amma a lissafa abin da ake kashewa a wata uku na kemis da gilashi da 'yan magani da kuɗin mota, sannan a lissafa rayuwar yaron da zai shekara sittin ana ja masa gora. Iyalin da ya san abin da yake fuskanta da wuri yana iya tara dangi, ya sayar da akuya, ya nemi taimako tun da sauran abin ceto. Hukuma kuma ba za ta sa abin da ba a ƙirga ba cikin kasafi.

Na uku tsoron ɗiban ruwan baya. Da yawa cikinmu sun taso da jin cewa allurar baya tana gurgunta yaro ko ta kashe shi. Abin da ke faruwa shi ne yawanci yaran da ake yi wa ita sun riga sun jigata, in cutar ta yi musu illa sai a ɗora wa allurar. Ana soka ta ne a ƙasan inda laka ta ƙare. Da ita ake gane irin ƙwayar cutar sanƙarau, da ita kuma ake auna matsin kansa: a yaro, in ya haura santimita 28 na ruwa ana ɗaukarsa ya hau. Akwai dai lokacin da take da haɗari, wato in akwai ƙari ko ƙurji a ciki, shi ya sa likita in ya ga jijiya a kumbure yakan nemi hoto tukuna. Ka ga nan ma leƙa idon ne ke nuna hanya.

Na huɗu masu cewa komai ƙaddara ce, a yi addu'a. A yi, babu mai hanawa. A yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti, a yi ta a bakin ɗakin tiyata. Abin da nake ƙi shi ne a zauna wata uku ana jiran aljani ya fita alhali ruwa ne ya taru.

Magani kuwa akwai shi, gwargwadon sanadi. Wani ƙwayar asitazolamaid ce za ta rage samar da ruwan. Wata rage ƙiba da barin maganin da ya tayar da ciwon ne. Wani sai an cire ƙari ko an tsiyaye ƙurji. Wani a sa masa siririyar roba ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, ta riƙa sauke ruwan. Warf a Mbale ya inganta wata hanyar da ake huda wa ruwan sabuwar mafita a cikin ƙwaƙwalwa, a kuma ƙone ɓangaren da ke samar da shi, don yaron ƙauye ya huta da dogaro da robar da ka iya toshewa nesa da asibiti. Ana tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Maganar toshewar roba ta tuna mini da wani ɗan sana'armu. Roald Dahl, marubucin littattafan yara na Birtaniya, wanda ya rubuta Matilda, a watan Disamba na 1960 wata tasi ta buge keken jaririnsa ɗan wata huɗu a Niyok. Ruwa ya taru a kan yaron, aka sa masa roba, robar ta yi ta toshewa, in ta toshe matsi ya hau gani ya ɗauke, a ruga tiyata. Dahl bai karanta likitanci ba. Ya je ya samo wani abokinsa injiniya, Stanley Wade, ya haɗa shi da likitan tiyatar yara Kenneth Till na asibitin Great Ormond Street a Landan, su uku suka ƙera sabon bawul a 1962. Kafin a gama yaron ya samu sauƙin da bai buƙace shi ba, amma dubban yara a duniya sun amfana, kuma su ukun sun amince ba za su ci ribar ko sisi ba. Darasin da ke ciki ga iyayen da ɗansu ke da roba a kai shi ne aikin bai ƙare ranar sallama ba. In ciwon kai da amai da yawan barci suka dawo, ko gani ya canza, a ranar ake komawa, kuma a riƙa kai shi awon ido ko da lafiya lau yake.

Ba kowa ne zai ƙera bawul ba, amma kowannenmu yana da ƙanne da 'ya'ya da ɗalibai da 'ya'yan maƙwabta. A wannan mako, in yaro ya ce maka kansa na ciwo, ka tsaya ka tambaye shi: da wane lokaci yake farawa? Kana yin amai? Kana ganin abu biyu? Duhu yana rufe ka in ka miƙe? In ya amsa da e, ka kai shi asibiti, kuma kada ka fito sai ka tambayi likita cikin ladabi, "Likita, don Allah an duba jijiyar bayan idonsa?" In babu abin dubawa a nan, ka nemi takardar zuwa inda yake.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana ganin 'ya'yanmu.